Waiwaye: 'Yan Mazan Jiyan Ƙasar Ruma, Bayan An Ajiye Bindiga

Duk saurayin da aka ɗauka aikin soja a 1943 yana ɗan shekara 18, a 2025 ya cika shekara 100 cif, in Allah ya ja kwanansa. Wanda kuma ya shiga a 1967, da aka buga gangar yaƙin basasa, yana da shekara 20, shi ma yanzu ya doshi 80. Wannan lissafi ya isa ya nuna mana cewa 'yan mazan jiyan ƙasar Batsari da Safana sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka je yaƙin ƙasar Bama kusan duk ƙasa ta rufe idonsu, na Biyafara kuwa kowace shekara sai an sallaci wasu. Shi ya sa nake so mu waiwayi rayuwarsu yau, tun da sauran masu iya ba mu amsa in mun yi tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da waɗannan bayin Allah shi ne yadda yaƙin ya kasance ɗan guntu a cikin rayuwarsu. Na Bama shekara biyu zuwa uku ya ci musu. Na basasa wata 30 aka yi ana gwabzawa. Sauran shekara 50 ko 60, wani ma 70, a gona suka yi su, da zauren gida, da neman abin da iyali za su sa a baki. Mu yara da muka tashi muka tarar da su, labarin igwa da jirgin sama muke roƙo su ba mu. Sai da girma ya zo muka gane cewa aikin da ya fi wuya sun yi shi ne bayan sun tuɓe kaki.

Ƙasar Ruma ba baƙuwar yaƙi ba ce. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, daga can kuma aka yi ta kawo hari kusan tsawon ƙarni na 19. Ruma tana bakin daji, a kan hanyar mahara, don haka ta zama garin barade, har yau kuwa in an ambaci barde Ɗanwaire sai an ambaci Ruma. Hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruman Katsina yake riƙe da ita, na Safana kuma Yariman Katsina. Sai dai yaƙin kakanni na doki ne da mashi da kwari da baka, a ƙofar gida ake yin sa, mutum yana kallon rumbun da yake karewa. Wanda ya zo a 1939, wanda mutanenmu suka sa wa suna yaƙin Hitila, wani iri ne daban.

Turawa suna bukatar mutane, hanyar samun su kuwa sananniya ce: Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya dubi gidajen da ke da samari. Wasu da ƙafarsu suka kai kansu, don albashi da kaki da son ganin duniya. Wasu tura su aka yi. Wanda ya tsira daga soja ma bai tsira daga yaƙin ba, domin tsakanin 1942 da 1944 an yi ɗiban gwamna, aka kwashi talakawan lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Manomin da aka bari a gida kuma aka matsa masa ya ƙara gyaɗa. Sama da 'yan Nijeriya 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi, kuma Hausa ita ce harshen da aka daɗe ana magana da shi a barikin rundunar Afirka ta Yamma.

Na farkon tafiya gabashin Afirka aka kai su, suka kara da Italiya, suka shiga Mogadishu a farkon 1941, suka nausa Habasha. Daga 1943 aka juya akala zuwa Asiya. Runduna ta 81 ta fara tafiya, ta 82 ta bi baya a 1944, a jirgin ruwa har Bombai ta Indiya, daga nan sai ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Ka dubi yaron da ya tashi a ƙasar gero da dawa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin damina ba, ga shi makonni a kan teku, sannan a sauke shi cikin duwatsun Arakan da kwarin Kaladan, inda ruwan sama ke kwana yana zuba, matsattsaku na shan jini, zazzaɓi na kayar da ƙarti, Japanawa kuma na laɓe a duhuwa. Babu hanyar mota a yawancin wuraren. Harsashi da abinci da kayan asibiti a ka ake ɗaukar su, akwai ma ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, abinci kuwa jirgin sama ke sako shi da laima. Bataliya uku na 'yan Nijeriya an haɗa su da dakarun Janar Wingate, waɗanda aka jefa can bayan layin abokan gaba a 1944. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung.

Katsina tana da nata rabo a wannan tarihi. Sarki Usman Nagogo bai daɗe da hawa gadon sarauta a 1944 ba ya yi tattaki har Indiya da Bama don ya ga 'yan ƙasarsa. Duk wanda ya san matsayin Sarki a idon talakan wancan zamani ya san abin da wannan ziyara ta yi wa zuciyar kurtun da ya fid da rai da ganin gida. A nan gida kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ke kawo labarin bakin daga, mai karatu ɗaya ya karanta, jama'a su kewaye shi.

Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a jikin barikokinmu: Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, sai Chindit a Zariya, wanda shi sunan dakarun Wingate ne. Sunayen mutanen su ne suka ɓace. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da tarihi ya riƙe shi ne Samanja Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma na Ingila a yaƙin duniya na farko, ya yi Habasha, ya yi Bama, ya ajiye aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka sa wa barikin Lokoja sunansa. Dubban da suka yi tafiya tare da shi kuwa, wasu sunansu na rubuce a bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin jerin waɗanda ba a san kabarinsu ba. Akwai iyaye mata a ƙauyukanmu da suka mutu suna jiran ɗan da sunansa ke jikin wannan bango.

A 1946 aka dawo da yawancin waɗanda suka rayu. Kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Baturen da suka kwana rami ɗaya da shi ba, alkawuran aiki kuma da yawa sun bi iska. A nan ne rayuwar da nake magana a kanta ta fara.

Mutum ya sauka a mota da akwatin ƙarfe da bargo da lambobin yabo, ya tarar an yi rasuwar da bai ji ba, wataƙila yarinyar da aka yi masa baiko da ita tana goyon ɗan wani. Gari ya yi murna kwana biyu, sannan aka koma kallonsa a kaikaice. Ɗan bariki ne yanzu. Ya ci abinci da arna, ya ji Turanci, yana tafiya kamar ana kirga masa taku, ba ya faɗuwa gaban dagaci da saurin da aka saba. Gaskiya kuma ba duka ne suka dawo lafiya ba. Wani ya dawo da shaye-shaye, wani da zafin hannu, wani da firgita cikin barci, ya zabura yana kiran sunan mutumin da babu wanda ya sani a garin. A lokacin babu likitan da ke duba irin wannan ciwo. A ce iska ce, a yi rubutu, a yi turare, sauran kuma matar gida ta ɗauka.

Ina so in tsaya a kan matan nan, domin in ana yabon tsohon soja da cewa ya riƙe gidansa, rabin yabon nasu ne. Mace ce ta san daren da maigida ba ya runtsawa. Ita ta san ƙarar da ba ya so, ta hana yara buga gwangwani kusa da ɗakinsa. Ita ke shiga tsakani in horon bariki ya so ya wuce gona da iri a kan ɗan shekara bakwai. Da fanshon ya makara, kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙar tabarma su suka riƙe tukunya. Ba a ba ko ɗaya daga cikinsu lamba ba, ba a kuma kiran su ranar fareti.

Yawancinsu, da taimakon Allah da na dangi, sun miƙe. Abin da ya miƙar da su kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gandu yana nan, uba ko wa ya yanka wa mutum gayauna. An yi masa aure da wuri. Kuɗin sallama, duk da ƙanƙantarsa, ya sayi keken ɗinki ko keken hawa ko shanun huɗa. En'e ta ɗauki wasu aikin ɗan doka da gandiroba da masinja, wanda ya koyi tuƙi a soja ya zama direba, wanda ya yi aikin asibiti ya zama mai ba da magani. Mutum ya samu ƙasa, ya samu mata, ya samu sana'a, ya samu wurin zama a majalisar ƙofar masallaci. Cikin shekara goma sai ka ji an daina cewa ɗan bariki, an koma cewa Baba Soja, ko Kofur, ko Saje, sunan ya bi shi har kabari, jikoki ma da shi ake gane su.

Sun kuma dawo da wani abu da ƙauye ya amfana da shi. Mutumin da ya ga yadda takarda ke raba kurtu da hafsa bai yi gardama ba da aka zo ɗiban yara makarantar boko, alhali maƙwabta na ɓoye nasu a rumbu. Ya sa ɗansa allo da asuba, boko da hantsi. Ya san amfanin haƙa masai da tafasa ruwa da zuwa asibiti kafin ciwo ya ci ƙarfi. Ya san lokaci. Ka bincika asalin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na farko a garuruwa da dama, za ka sha cin karo da gidan tsohon soja.

Da rikici ya ɓarke a 1967, ƙasa ta sake waiwayar su. Sojan Nijeriya a lokacin bai fi 10,000 da 'yan kai ba, kafin a gama ya kai wajen 250,000, kuma cikin waɗanda aka fara kira har da tsofaffin 'yan Bama, masu furfura, suka koma suka horar da sa'o'in 'ya'yansu. Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin da ya je Bama, shi ne gwamnan Jihar Arewa har gab da fara yaƙin, daga baya ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Samari daga ƙauyukan Katsina suka yi ta tururuwa, horon 'yan makonni, sai bakin daga. Wasu suka bi Muhammadu Shuwa ta Nsukka da Inugu. Wasu suka bi Murtala Muhammed, suka ga abin da ya faru a ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara zuwa Anaca a watan Oktoban 1967, da gobarar ayarin motoci a Abagana a watan Maris na 1968. Wannan karon abokin gaba ɗan ƙasa ne, kuma abin da ido ya gani na yunwar yara da gawar farar hula ya sa da yawansu ba sa son a tayar da zancen. Tsohon da ya yi yaƙi da gaske ba ya cika baki da shi. Jiki magayi.

Ranar 15 ga Janairun 1970 aka ajiye makami. Waɗannan su ma suka dawo, wasu nan da nan, wasu sai da aka rage yawan soja a ƙarshen shekarun 1970. Suka tarar da farin 1973, suka ga an canza fam zuwa naira, suka kai yara makarantar kyauta ta 1976, suka ga an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Suka noma gero da dawa da gyaɗa da rogon da aka san Batsari da shi. Suka aurar da 'ya'ya, suka yi wa jikoki huɗuba, wanda Allah ya hore wa ya sauke farali. Wahalar fansho kuwa ba ta bar su ba: tafiyar tantancewa, layi a rana, takardar sallamar da gara ta ci, sunan da aka ce babu a kwamfuta. An sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Na birni ke nan, mai iya zuwa. Na ƙauyen bakin dajin Rugu sai dai ya aika ɗa, in an dace.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da tsufa ya nuna wa waɗannan mutane. Dajin Rugu, inda suka yi kiwo da farauta da sassabe suna yara, ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin dare ɗaya. A 2021 aka rufe kasuwanni, aka katse layin waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu. Ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma saura, mutane suka cika makarantu da kangaye a cikin Batsari da Dutsin-ma da Katsina. A cikin masu gudun akwai dattawan da suka tsallake harsashi a Anaca, yau jika ke goya su a babur cikin dare, an bar rumbu da shanu da kabarin iyaye a baya. Mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa don ta zauna ɗaya, ya cancanci ya mutu a ɗakinsa.

To, a nan ne waiwayen ya zama dole, domin yau ma ƙasar nan cike take da samari masu bindiga. Akwai sojoji da 'yan sanda, akwai 'yan banga da 'yan sa-kai, akwai rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, akwai kuma na cikin daji, waɗanda wasunsu ba su san wata sana'a ba tun suna 'yan shekara goma. An yi sulhu da na cikin dajin a 2016, an sake a 2019, duk suka warware, a 2025 kuma al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana suka sake zama da su. Ko ta sulhu ko ta ƙarfi, wannan fitina za ta ƙare wata rana da yardar Allah, kuma ranar nan dubban matasa za su wayi gari da hannun da ya saba da kunamar bindiga. Ina za su? Kakanninsu gona ta karɓe su, da aure, da sana'a, da dattawan da suka yi haƙuri da su har suka huce. Yau gandu ya watse, gonar ta yi kaɗan, burtali ya toshe, aure ya yi tsada. In ba a tanadi abin da zai karɓi yaron da ya tsare garinsu shekara biyar ba, an bar wuta a ƙarƙashin toka. Ba ina daidaita mai kare gari da mai ƙona shi ba ne, hukunci na nan ga wanda ya zubar da jinin bayin Allah. Amma tanadin ranar ajiye makami aiki ne da ake farawa tun ana cikin yaƙi, kuma babu wanda ya san hanyarsa kamar tsohon da ya bi ta da ƙafarsa.

Kowace 15 ga Janairu ana fareti a manyan birane, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da iyayenmu Sarkin Ruma da Yarima, da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha, su sa a bi gunduma-gunduma a rubuta sunan duk tsohon sojan da ya rage da matan waɗanda suka rasu, har da waɗanda gudun hijira ya kai wani gari. A bi musu fanshonsu a kai musu har gida, a ɗauke musu kuɗin magani, a kuma ba su kujera a duk zaman da ake yi kan tsaro da tarbiyyar matasan da aka ba makami.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan dattijo a gidanku ko a unguwarku, kada ka jira gwamnati. Ka je da goronka ka gaishe shi, ka zauna, ka kunna rikodar wayarka in ya yarda. Ka tambaye shi bataliyarsu da inda aka kai su, sannan ka tambaye shi yadda ya yi da ya dawo, wa ya ba shi gona, wa ya yi masa aure, yaushe barci ya fara ɗaukar sa. Ka shiga ciki ka gaida Iya, ita ma ka ji nata. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa sun huta, na raye kuma ya ba su ikon komawa garuruwansu lafiya.